Dalilin da Ya Sa Wayfay ɗin Gidan Baba Ilu Yake Rataye a Ragaya

Dalilin da ya sa kuke ganin na'urar wayfay ta gidan Baba Ilu a rataye cikin ragaya, a tsakiyar rumfa, tana lilo kamar ƙwaryar kindirmo, ba don ado ba ne, ba kuma don tsoron ɓera ba ne. Tunda kun ishe ni da tambaya, ku zauna ku ji. Amma duk wanda ya je ya yi dariya a gaban tsohon nan, kada ya ce a bakina ya ji.

Da ba a nan take ba. Da can ko ganinta ba a yi.

Tun kafin a haife ku, Baba Ilu shi ne babban mai gyaran rediyo a wannan yanki na Malumfashi. Shekara talatin ya yi a shagonsa na bakin tasha. Duk rediyon da ya yi shiru, in aka kai masa sai ya yi magana, ko da kuwa da mari ne. Da wayar hannu ta shigo, mutane suka rage kawo gyara, sai ya rufe shago ya kwaso tarkacensa ya dawo gida. Girman kan ne bai bari a shagon ba, da shi ya taho. A ganinsa duk abin da ake jona wa wuta, in ba ɗan rediyo ba ne to jikansa ne, don haka babu mai koya masa komai a kansa.

Shi da matarsa Goggo Tabawa 'ya ɗaya Allah ya ba su, Barira. Ta yi karatun jinya, ta auri wani bawan Allah mai suna Mudassiru, aiki ya kai su Jidda. Wata shekara da ta zo ganin gida, sai ta zo da na'urar nan, fara, mai eriya biyu. Ta sa aka haɗa ta, ta ce ita za ta riƙa sa mata data duk wata daga can, don su riƙa ganin juna a waya maimakon jin murya kawai. Ta ɗora ta a kan tebur a rumfa. Ta tambayi babanta wace lambar sirri yake so, ya ce a sa sunansa da sana'arsa. Aka gwada, hoto ya fito tar, kowa ya yi murna. Barira ta yi sallama ta koma.

Ko jirginta bai sauka ba Baba Ilu ya tsaya a kan na'urar, ya riƙe ƙugu.

"Yarinyar nan akwai sakaci," in ji shi. "Kaya mai daraja irin wannan a bar shi a fili, ƙura ta ci, kaji su hau?"

Goggo Tabawa tana tankaɗe. Ta ce, "Malam, ai a nan ta ce a bar ta."

"Ta ce. Ita ta san allura, ni na san na'ura."

A ɗakinsa, can ƙuryar gida, akwai wani kabad na ƙarfe mai kwaɗo wanda ya taho da shi daga shago. A sama tsofaffin rediyoyi ne jibge. A ƙasa kuma manyan farantan biki na Goggo, don a duk gidan wannan kabad ne kaɗai ke kulluwa. Baba Ilu ya kwantar da eriyoyin nan biyu don kada su karye, ya naɗe na'urar da tsohon rawani don kada sanyi ya kama ta, ya cusa ta tsakanin rediyoyi. Ya jawo waya ta wata huda da ke bayan kabad ɗin ya haɗa ta da batirin sola, yadda ko an ɗauke wuta ita ba za ta mutu ba. Ya rufe, ya datse kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

To, bangon da kabad ɗin ya jingina da shi, bayansa titi ne. Kuma daidai wurin Tanimu mai shayi yake kafa teburinsa, inda Baba Ilu ke zama kullum da hantsi.

Washegari yana kurɓar shayi ya dubi masu zaman, suna ta ɗaga wayoyi sama suna neman sabis.

"Ku har yanzu a sama kuke neman intanet?" in ji shi. "Ni a ɗakina yake kwana."

Tanimu ya ce, "Kai, Baba, ka wuce mu. Amma irin wannan ai sai da lambar sirri mai wuya, wadda ba mai iya cinka."

"Wace wuya? Sunana ne mana, da sana'ata. Sunan wa zan sa?"

Tanimu ya ƙara masa madara.

Kafin sati ya zagayo, teburin Tanimu ya cika ya batse. Sai da ya ƙaro benci biyu. Mutanen da ba su taɓa shan shayi ba suka zama 'yan shayi. Kowa ya zo sai ya jingina da bangon Baba Ilu kamar mai ciwon baya, ya sunkuyar da kai a waya. Wannan yana sauke fim, wancan yana kallon ƙwallo, shi kansa Tanimu fim ɗin Indiya mai awa uku yake saukewa yana fasa ƙwai. Ɗan abin da ke tsira daga cikin ƙarfen nan ta hudar baya yake fita, titi ya fi kusa da shi, su suke shanyewa. A cikin gida kuwa, sai abin da ya rage.

Nan fa intanet ɗin gidan ya koma tafiyar hawainiya. Barira za ta kira, fuskarta ta fito rabi, bakinta a buɗe, ta daskare a haka har a yi sallar la'asar. In ta aiko saƙon murya, sai wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a kansa, ya yi ta juyawa, har mai kallo ya ji jiri. Saƙon rubutu yakan shigo, amma idon Baba Ilu ya daina ganin ƙananan baƙaƙe, shi kuma ya rantse ba zai sa tabarau ba, kuma ba zai ba wani ya karanta masa sirrin gidansa ba.

Ya ɗora wa kamfani laifi. Ya ɗora wa hadari, da damina ta wuce ya ɗora wa rana. Har tsamiyar bayan gida ya zarga, ya ce mutanen ɓoye ne ke tare hanya.

Akwai maƙwabciyarsu, Malama Kubura, mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata. Wata rana ta shigo gaida Goggo ta tarar da shi yana jijjiga waya kamar mai kaɗa nono.

"Baba, ina na'urar take ne?"

"Tana wurin da ya dace."

Goggo ta ce, "Tana cikin kabad, a naɗe da rawani, kamar sabon hakimi."

Malama Kubura ta dafe ƙirji. "Kabad ɗin ƙarfe? Baba, ai ƙarfe tare ta yake yi. Ga bango biyu tsakaninku da ita. Abin nan fili yake so, a sama, a tsakiyar gida, eriya a miƙe. Kuma zafi yana gajiyar da ita. Yaushe rabon da a kashe ta a sake kunnawa?"

Baba Ilu ya gyara zama. "Wata takwas ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Aikina ne wannan."

"To ai shi ne, Baba. Ko mutum ne ya yi wata takwas bai runtsa ba, sai ya fara shirme. Kuma mutanen da ke jingine da bangonka..."

"'Yar nan," ya katse ta, "ranar da aka raɗa miki suna, lasifikar da aka yi sanarwa da ita ni na gyara ta. Gaida mutanen gida."

Ta tashi ta tafi.

Ana nan, wata Talata da hantsi, waya ta yi ƙara. Barira ce. Dama an san tana da tsohon ciki. Da Goggo ta ji kalmar haihuwa ta fito daga wayar, sai ta ja mayafi ta shige kicin. Kun san 'yar fari ce, ko sunanta Goggo ba ta faɗa, balle ta tsaya a gaban miji ana zancen haihuwarta. Aka bar Baba Ilu shi kaɗai da waya.

Abin da Barira ta faɗa daga gadon asibiti shi ne: "Baba, na sauka lafiya. Ka yi haƙuri, ba sunanka za a sa ba, mace ce. Sunan Goggo za a sa."

Abin da ya iso Malumfashi, bayan ya ratsa ƙarfe da rawani da bango biyu da fim ɗin Tanimu, shi ne: "Baba, na sauka lafiya... sunanka za a sa..." Daga nan fuskarta ta daskare, kira ya yanke.

Baba Ilu ya miƙe tsaye, hula ta faɗi bai kula ba.

"Tabawa! Tabawa! Na yi takwara!"

Ta leƙo. "Haka ta ce?"

"Da kunnena na ji."

"Malam, wannan abin da ke cinye rabin magana? Ka sake kira mana ka tabbatar."

Ya sake kira, bai shiga ba. Saƙonnin murya suka fara shigowa, ɗaya, biyu, har bakwai, kowanne da ɗan da'irarsa yana juyawa. Baba Ilu ya ce ba komai, gaisuwa ce da godiya. Ita kuma Goggo kunya ta hana ta zuwa gidan maƙwabta ta ce a kira mata 'yarta ta ji abin da ta haifa. Ta bar abin a cikinta.

Shi kuwa bai bar komai a cikinsa ba. Kafin azahar duk bakin tasha an ji. Ya ce tunda a Jidda za a yi suna, shi ma a nan zai yi walima, ranar bakwai, a ƙofar gidansa, kuma za a kira a nuna wa jama'a Iliyasu ƙarami a waya, kowa ya gani da idonsa. Ya je kasuwar dabbobi ya zaɓo rago mai ƙaho kamar na ɓauna. Ya kai wa tela shadda. Ya aika ƙauyensu aka gaya wa 'yan'uwa. Ya tono tsohuwar lasifikar shagonsa ya goge ta, ya ɗaure a kan katanga, ya haɗa mata doguwar waya da zai jona a wayarsa, don har na bayan layi su ji kukan takwaransa. Duk wanda ya gamu da shi a kwanakin nan sai ya ji yadda yaron zai gaji hannunsa.

"Tun yana rarrafe zan fara nuna masa sukudireba," in ji shi.

Ranar walima ta zo. Aka shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har teburin Tanimu. Maza suka cika waje, mata suka cika ciki. Kuma kusan duk wanda ya zauna a wajen nan, wayarsa ta riga ta san sunan Baba Ilu da sana'arsa, da isowarsa take kama wayfay da kanta. Na'urar da ke fama da mutum goma sha, yau ga garin gaba ɗaya a kanta.

Ƙarfe goma sha ɗaya Baba Ilu ya fito cikin sabuwar shadda, ya jona waya a lasifika, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, a yi shiru. Za mu shiga Jidda."

Ya danna. Da'ira ta fara juyawa. Aka yi shiru ana kallo. Ta juya, ta juya. Wani tsoho daga ƙauye ya tambaya ko jirgi ake jira. Baba Ilu ya ɗaga wayar sama, ya sauke ta ƙasa, ya hura mata iska, ya ɗan mare ta a baya yadda yake yi wa rediyo. Gumi ya fara jiƙa wuyan shaddar.

A cikin gida kuma shinkafa ta nuna, nama ya soyu, babu abin zubawa. Farantan biki suna cikin kabad, makulli yana aljihun tsohuwar rigar da Baba ya cire ya rataye a ƙusa. Goggo Tabawa ta laluba ta ɗauko, ta buɗe kwaɗo. Wani zafi ya bugo ta kamar ta buɗe tanda. Ta jawo farantai, wayar batir ta sarƙe a hannun babban faranti, ta fizge, na'urar ta biyo ta faɗo cikin rawaninta. Fitilunta suka mutu.

Goggo ta ɗauke ta, ta yi saurin sauya hannu. "Wai! Wannan ai sai a gasa gurasa a kanta."

Ta fito da ita tsakar gida tana neman inda za ta ajiye. Ƙasa duk ruwan wanke-wanke ne, tebur cike da kwanuka. Ta ɗaga kai ta ga ragayar da take rataye nono a tsakiyar rumfa babu komai a ciki. Ta warware rawanin ta yar, ta jefa na'urar a ragaya, ta ci gaba da rabon abinci.

Malama Kubura tana cikin masu zuba miya. Ta ga abin, ta ajiye ludayi.

"Goggo, ki ba ni izini in jona ta a nan?"

"Jona ta, 'yar nan. In ta ƙone ma huta roro ne, na gaji da ganin fuskar yarinyar nan a karkace."

Malama Kubura ta bari ta ɗan huce. Ta miƙar da eriyoyin biyu, ta jona ta a soket ɗin rumfa, fitilu suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ta duba rubutun da ke ƙasan na'urar, ta shiga cikinta da wayarta. Sai ta yi salati.

"Goggo, kin san waya nawa ke kan abin nan yanzu? Arba'in da uku."

"Mu da muke da waya ɗaya a gidan?"

"Sauran duk na waje ne. In kin yarda in canza lambar sirri, duk za su sauka."

Goggo ta goge hannu a zani, ta matso, ta raɗa mata wani abu a kunne. Malama Kubura ta ƙunshe dariya ta rubuta.

A waje, lokaci ɗaya, mutum arba'in da wani abu suka ɗago kai. Tanimu ne ya fara magana, bai san ta fito ba.

"Kai! An ɗauke! Saura minti huɗu fim ɗina ya gama sauka!"

Baba Ilu ya juyo a hankali ya dube shi. "Me aka ɗauke, Tanimu?"

Tanimu ya ce wai wuta yake nufi. Ga fankar shagon tela tana ta juyawa a gabansu.

Baba Ilu ya zare wayarsa daga lasifika ya faɗa gida kamar an jefo shi. Ya ga ɗakinsa a buɗe, kabad a wangale, rawani a ƙasa akuya tana shinshinawa. Ya ɗaga kai ya ga na'urarsa tana lilo a ragaya, eriya a miƙe kamar kunnen zomo.

"Wa ya yi wannan aika-aika? Wata takwas! Wata takwas ba ta mutu ba, yau ranar walimar takwarana aka kashe min ita aka rataye kamar ƙwaryar fura?"

Goggo ba ta ko ɗago daga tukunya ba. "Ni ce. Farantaina na ɗauka."

"Ke kin san abin da kika taɓa?"

"Na san ta ƙona min hannu."

Matan kuwa kowa tana kallon kwanonta. Malama Kubura ta matso ta russuna.

"Baba, ara min wayar minti ɗaya."

Da a wata rana ce da ba zai ba ta ba. Amma jama'a na jira a waje, shinkafa na hucewa, kuma dabararsa ta ƙare. Ya miƙa mata yana kallon gefe. Ta danna abin da za ta danna, ta mayar masa.

Wayar ta fara ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Saƙonnin kwana bakwai suka zubo a jere, hotuna suka buɗe, kafin ya kai ga taɓa ko ɗaya sai ga kira daga Jidda. Fuskar Baba Ilu ta washe. Ya manta da faɗa, ya tattara babbar riga ya ruga waje, ya jona a lasifika, ya ɗaga wayar sama.

"Ga shi nan! Na gyara! A yi shiru!"

Fuskar Barira ta fito tar, har ana ganin zanen lallen hannunta. Muryarta ta fita ta lasifika har bayan layi.

"Baba! Alhamdu lillahi, yau kam ina ganinka sosai. Kwana bakwai ina ta turo saƙo. Wannan taron fa?"

"Walimar takwarana ce! Ɗago min shi jama'a su gani. Ina Iliyasu?"

Barira ta ce, "Wane Iliyasu, Baba?"

"Yaron mana."

"Baba, ai na gaya maka tun ranar. Na ce ka yi haƙuri ba sunanka za a sa ba, mace ce. Ga ta nan. Da safe aka raɗa mata suna Zulaihatu."

Ta ɗago jaririya cikin farin tawul, an ɗaura mata ɗan ƙyalle mai ruwan hoda a ka, har da 'yan kunne.

Wurin ya yi shiru, har ana jin man da ke tafasa a kaskon Tanimu. Baba Ilu ya ƙura wa wayar ido. Da ya tashi magana, abin da ya fito ya fi na farko muni, kuma lasifika ta ɗauka ta kai har cikin gida.

"Zulaihatu? Wace ce kuma Zulaihatu?"

Daga bayan katanga muryar Goggo Tabawa ta taso, ba ta buƙaci lasifika ba.

"Matar da ka aura shekara arba'in da biyu ke nan, Malam! Tabawa ai don an haife ni ran Laraba ne!"

Matan cikin gida suka kwashe da guɗa. Maza suka yi ta ƙoƙarin riƙe dariya, wani ya cusa hula a baki, tsohon nan na ƙauye ya faɗi a tabarma yana tari. Liman ya sunkuyar da kai yana ta jan carbi da sauri, kafaɗunsa na rawa.

Baba Ilu ya zauna a bakin dakali, wayar na hannunsa. Ya so ya kashe, sai jaririyar ta yi hamma, ta buɗe ido ɗaya ta dube shi. Wata takwas rabon da ya ga fuskar 'yarsa ba a daskare ba, yau ga ta tana dariya tana share hawaye, ga kuma wata ƙaramar fuska mai irin goshinsa sak. Ya daɗe yana kallo. Ya sa hannun riga ya goge ido, ya ce hayaƙin nama ne.

"To," in ji shi a hankali. "Allah ya raya. Mace ma ai tana riƙe sukudireba."

Ya tashi ya zare wayar daga lasifika, ya shiga gida da kansa ya miƙa wa Goggo. Ranar kunyar 'yar fari ta tafi hutu. Goggo ta zauna ƙarƙashin ragaya ta riƙe waya da hannu biyu, tana kallon takwararta, har miya ta kama a tukunya.

Aka ci rago dai, don rago bai san abin da ya faru ba.

Da jama'a suka watse da yamma, Baba Ilu ya ɗauko kujera zai hau ya sauko da na'urar. Goggo ta riƙe ƙafar kujerar.

"Ina za ka kai ta?"

"Wurinta."

"Nan ne wurinta. Wata takwas tana hannunka, ka mayar min da jika namiji. Rabin yini ta yi a hannuna, na ga 'yata. Ka riƙe kabad ɗinka da rediyoyinka, ragaya tawa ce, abin da ke cikinta ma nawa ne."

Ya dubi Malama Kubura da ke tattara kwanuka ko za ta sa baki. Ta ce ita dai abin da ta sani shi ne a bar ta a sama a fili, kada a rufe ta da komai, a riƙa kashe ta lokaci-lokaci ta huta minti ɗaya a sake kunnawa, kuma kada a ƙara faɗin lambar sirri a teburin shayi. In an yi haka duk ta ci gaba da nauyi, to sai a duba ko data ce ta ƙare, ko a kira kamfani.

Baba Ilu ya sauko daga kujera. Ya yi gyaran murya.

"To na ji. Amma a matsayina na mai gida, ai sai a gaya min sabuwar lambar."

Goggo ta ce, "Ba ɓoyayye ba ne. Sunana ne, da shekarar da ka aure ni."

Sunan kam ya riga ya ji shi, duk unguwa ma ta ji. Shekarar ce ta gagara. Ya ce shekarar da aka yi fari ce, ta ce a'a. Ya ce shekarar da ya sayi keke, ta ce wace shekara ce ya sayi keken? Ya ƙirga arba'in da biyu baya da yatsu, ya ɓace a hanya, ya sake, ya fito da shekara uku daban-daban. Da ya gwada duka ba su yi ba, sai Goggo ta ce ta manta ba ta faɗa masa ba, da lissafin Hijira ta bayar.

Tanimu kuwa, cikin sati biyu ya mayar da bencin nan biyu inda ya aro su.

Shi ya sa har wa yau na'urar take rataye a ragaya, kuma duk Juma'a in maza sun tafi masallaci Goggo take zare ta ta ba ta hutu. Shi ya sa in Baba Ilu ya yi sabuwar waya, sai ya kai wa matarsa ya juya baya ta sa masa lamba. Kuma shi ya sa yarinyar nan da ke zuwa hutu daga Jidda, mai kitso da 'yan kunne, duk unguwar nan ba mai kiranta Zulaihatu. Tun daga bakin tasha har teburin shayi, Abba ake ce mata, ita kuma tana amsawa.